Rufin Ɗakin Shef

Shekarar da kamfanin ma'adinai ya rage ma'aikata, ina cikin waɗanda aka sallama. Na yi shekara goma sha biyu a ƙarƙashin ƙasa a Arlit. Ban koma Damagaram ba, don babu abin komawa. Ruwa ya ƙi sauka, gonar ubana ta zama fako. Sai na koma sana'ar da na baro tun ina saurayi, kafinta.

A kasuwa na ga mashin ɗin. Wani ɗan Tahoua mai sauke kaya daga Aljeriya ta Assamakka ya jera su a tabarma, tsakanin taliya da madarar gwangwani. Mashin ɗin huda ne marar igiya, ruwan ɗorawa, da batiri biyu da abin sharji a cikin akwatin roba. Na taɓa riƙe na kamfani, mai nauyin ɗan akuya. Wannan ba nauyi, ba tsada. Akwai takarda a cikin akwatin. Ban iya karatu ba. Matata ta hura wuta da ita.

Zan faɗi gaskiyar mashin ɗin, don bai cuce ni ba. A katako yana aiki. A kwano yana aiki. Ƙofar da nake wuni a kanta da hannu, kafin azahar na gama ta. A unguwarmu, bayan gidajen kamfani, gida ɗaya cikin goma ke da wutar lantarki, don haka mashin marar igiya ya sa aka san ni. Amma yana da iyaka, kuma na san iyakar tun watan farko. Batiri ɗaya yana ɗaure bis talatin a katako, wato ƙusa mai murɗi, daga nan sai muryarsa ta yi ƙasa. Ba ya son rana. In ka bar shi a zafi, rabin ƙarfinsa ya tafi tun ba ka taɓa shi ba. In ka matsa masa a ƙarfe mai kauri, sai ya yi warin roba mai ƙuna, kan ya riƙa rawa. Duk wannan na sani kafin in hau rufin Shef.

Shef shi ne shugaban ƙungiyarmu a rami. Mutumin Maradi ne, Kirista, ya girme ni da shekara goma. Shekara ashirin yana huda dutse. Ran da wani ɓangare na rami ya rufta, shi ya ja ni da wuyan riga. Ba ma maganar. An sallame mu wata ɗaya, shi ya fito da tari.

Tarin ya kwantar da shi. Abin da yake so ɗaya ne, ya isa Maradi da ransa. Ƴaƴansa suna can wajen ƙanensa, uwarsa tana da rai. Amma lokacin tawaye ne. Hanyar Agadez ba a binta sai cikin ayarin motoci da sojoji ke rakawa, ana tsoron nakiya, tafiyar wuni ɗaya takan zama kwana uku a bayan kamiyo, babbar motar kaya. Likita ya ce wa matarsa in ta ɗora shi a mota a yadda yake, gawa za ta sauke. Ya huta wata biyu ko uku a ɗakin da ƙura ba ta shiga, ya ci abinci, ya yi nama. Daga nan a gani.

Ɗakinsu kuwa rufin tsofaffin ganguna ne da aka fasa aka miƙe. Rana tana shiga ta ramuka, ƙasa tana zuba a kan gado. Mutanen majami'arsu, ba su kai gida ashirin ba, suka haɗa hannu suka sayi kwano sabo. Matarsa ta zo har gida ta same ni.

"Malam kafinta, yayanka ya ce in ba kai ba, kar kowa ya hau mishi ɗaki."

"To Madam, gobe da sassafe."

"Ka zo da cikinka. Ban iya biyanka, amma na iya tuwo."

A Arlit ba katakon rufi. Itace ba ya fitowa a can. Da tarkacen ƙarfen kamfani ake ɗaura ɗaki, bututu da sanduna da duk abin da aka samu. Kuma kowa ya san yadda ake rufi: a huda kwano da ƙusa, a zura waya, a ɗaure ta a jikin ƙarfe, sannan a jera manyan duwatsu a sama. Mummuna ne, amma haka kowa yake yi.

Da safe muka fito da Shef da gadonsa, muka ajiye shi a rumfa jikin bango. Ya rame har zoben aurensa yana yawo a yatsa. Ya ga akwatin roba a hannuna.

"Badamagare, mi ne ne wannan? Abin wasan yara ka kawo min?"

"Shef, wannan ya fi wanda ka riƙe shekara ashirin hankali. Ba ya kurmantar da mutum."

Na danna masa. Ya saurara, ya karkata kai.

"Sauro," ya ce. "Sauro mai ƙiba."

Ya yi dariya har tari ya ƙwace ta. Madam ta harare ni, ta miƙa masa ruwa.

Na hau, na jefo duwatsun ƙasa ɗaya bayan ɗaya, na yaye gangunan. Maƙwabcinsu ya fito yana kallo. Wani tsoho ne Ba'abzine, fari ya kashe masa dabbobi ya shigo gari yana gadi. Ya ga ina ture duwatsun gefe da ƙafa.

"Maigida, dutse nan, za ka mayar shi sama?"

"A'a Baba. An daina wannan. Bis zan sa, ya shiga cikin ƙarfe. Ba waya, ba dutse."

"Iska na nan wuri, shi yana da ƙarfi."

"Baba, motar kamfani da dutse aka danne ta?"

Mata biyu da suka zo taya Madam girki suka yi dariya. Na ji daɗin dariyar. Na ƙara da cewa in yana son duwatsun ya kwashe, ya gyara katangarsa. Ya dube ni ta saman rawani. Kafin hantsi ya kwashe su sarai.

Kuskuren farko na aiki ne. Ƙarafan ɗakin iri biyu ne. Na yamma da na tsakiya sirara ne, irin na ƙafar tebur. Na gefen gabas kuwa bututun rami ne, kaurinsa ya kai rabin yatsa. Daga gabas hadari yake zuwa, yaro ma ya sani. Mai hankali zai fara da gabas da sabon batiri da sanyin safiya. Ni na fara da yamma, don nan ake ganina daga tsakar gida, kuma nan mashin yake shiga kamar cikin sabulu. Zit, ya wuce. Zit, ya wuce. Matan suna cewa kai, zamani.

Batiri na farko ya ƙare a tsakiyar rufi. Na juya in ɗauki na biyu, ashe na bar shi a kan kwano tun safe. Da na taɓa shi sai da na saki. Na sa shi a haka. Ya ƙarasa mini tsakiya, na iso gabas rana tana tsaka.

Bututun ya ƙi. Na danna da ƙirji, bakin mashin yana juyawa yana fitar da ɗan gari baƙi, ba ya shiga. Na tofa masa yawu. Rami ɗaya na samu, da kyar. A na biyu muryar ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta tsaya.

Na sauko na tafi shagon mai walda inda nake sharji. Ya ce tun jiya babu wuta. Wasu sun ce ƴan tawaye sun taɓa layin da ke zuwa daga tashar wuta ta Anou Araren, wasu sun ce inji ne ya lalace. Ba wanda ya san ranar dawowarta.

A hanyar komawa na san abin da ya kamata. In sayi waya, in ɗaure gefen gabas, in je in ce wa tsohon nan Baba ka yi gaskiya, ara mini dutse shida. Aikin rabin awa ne. Na tsaya a ƙofar mai sayar da waya. Na tuna dariyar matan. Na wuce.

Na hau rufin. Na huda kwanon da ƙusa da guduma. Na ɗauki bis, na datse shi da filaya ya zama guntu, na cusa a ramin, na murɗa da hannu har kansa ya kwanta a kan kwano. Daga sama, daga ƙasa, ba ka bambanta shi da na gaskiya. Kwano kawai ya riƙe, bai taɓa bututu ba. Tsakani ina danna mataccen mashin ɗin ya yi ɗan gurnani, don a ji. Guda goma sha ɗaya na yi haka.

Na ce wa raina, ran da wuta ta dawo zan zo in gyara. Kuma shekara biyu ba a ga hadarin kirki a garin ba.

Muka mayar da Shef ɗaki da la'asar. Ya kwanta ya dubi sama. Babu rami ko ɗaya.

"Yau na shiga gidan Nasara," ya ce.

Madam ta kawo tuwo da miyar kuka da ɗan nama. Na san naman nan ba su da halinsa. Na cinye.

Wuta ta dawo bayan kwana huɗu. Na yi sharji. A ranar wani ɗan kasuwa a Akokan, garin da ke kusa da Arlit, ya kira ni aikin ƙofofin shago, na yi sati a can. Daga nan wani aiki, daga nan wani. Kuma in na koma da mashin na hau rufin da na ce na gama, me zan ce? Sau biyu na je gaida Shef. Na kai masa dabino, na kai masa shayi. Na zauna a ƙarƙashin rufin nan muka yi hira, ban ɗaga kai ba.

Yana samun sauƙi. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Ya fara zama da kansa. Ya fara taka ƙafa zuwa ƙofa. Ran zuwana na biyu ya cinye kwanon fura a gabana, ya ce wa matarsa ta fara ɗaure kaya, wata mai kamawa za su bi ayari.

Hadarin ya zo ran wata Lahadi da hantsi. Madam tana majami'a. Ina kasuwa na ga gabas ta yi ja, sannan ta yi baƙi. Mutane suna murna suna kwashe kaya, wani yana kabbara. Ni na ajiye abin da ke hannuna na kama gudu.

Iska ta riga ni. Kafin in kai unguwarsu ba na ganin hannuna, sannan ruwa ya sauko kamar ana juye ganga. Da na shiga gidan, rabin rufin ya naɗe ya koma yamma, kamar an buɗe gwangwanin kifi. Inda na sa bis na gaskiya, ko ɗaya bai saki ba. Gadon Shef yana gefen gabas.

Tsohon Ba'abzinen ya riga ni shiga. Ya cire rawaninsa ya rufa wa Shef fuska, yana ƙoƙarin jan gadon shi kaɗai. Ban taɓa ganin kansa a buɗe ba sai ranar. Muka ɗauki Shef mu biyu muka kai shi ɗakin tsohon, na laka da duwatsu a sama. Ya jiƙe har ƙashi, bakinsa cike da jar ƙasa, yana neman numfashi kamar kifi a tudu.

Rufi da yawa sun tashi a garin ranar. Wannan ya rufa mini asiri. Madam ta ce ikon Allah ne. Fastonsu ya riƙe hannuna ya ce kar in damu, ba aikin ɗan Adam da ke tsayawa gaban irin wannan iska. Tsohon ne kaɗai ya tsinci guntun bis ɗaya a tsakar gida. Ya juya shi a tafin hannu, ya dubi inda filaya ta datse. Ya miƙo mini, ya koma ɗakinsa.

Washegari na miƙe kwanon, na ɗaure shi da waya, kowane layi. Tsohon ya rushe gyaran katangarsa ya riƙa miƙo mini duwatsun. 

Zazzaɓi ya kama Shef kwana tara. Naman da ya yi cikin wata biyu ya zube. Da ya dawo hayyacinsa na je. Ya ce wa matarsa ta je ta nemo masa lemun tsami a kasuwa. Ta ce akwai a gida. Ya ce na kasuwa yake so. Ta fita.

Muryarsa ta zama siririya. Sai da na matsa kusa.

"Goma sha ɗaya," ya ce.

Na san abin da ya ƙirga.

"Badamagare, shekara ashirin ina huda. In baki ya hwasa ƙarhe ya wuce, kukan inji yana tsalle. Kunnena guda ya mutu, guda yana aiki. Gabas sau ɗaya na ji tsallen nan. Sauran, guduma na ji, da hilaya. Kana danna mushen sauronka don in ji daɗi."

"Shef, me ya hana ka magana?"

"Gaban matata? Gaban matan mutane? Kai da ka hau min ɗaki don Allah?" Ya huta. "Na ce wuta ce ta yanke mishi, zai dawo. In an buga ƙohwa sai in ce ga shi nan. Ka zo sau biyu. Na duba hannunka, na ga dabino."

Ban yi kuka ba. Ban iya ba. Na ce masa zan gaya wa Madam da fasto da duk wanda ya sa hannu a kwanon nan.

"Ka gaya musu su yi mi da shi? Su ci?" Ya kama hannuna, ba ƙarfi a kamun. "Ni ma da baki gare ni, ban buɗe ba. Bar ta. Tana buƙatar mutum guda a garin ga da za ta aika ba ta ji kunya ba. In ka hwaɗa mata, ba ta da kowa. Abin da nike so, ka sa ni a mota."

"Likita ya ce ka jira."

"Na jira. Ka ga abin da jira ya yi. Ka sa ni a mota."

Madam ta dawo da lemun. Ta dube mu.

"Me kuke ƙullawa, ku biyu?"

"Ina gaya mishi tuwon Damagaram ba ya riƙe ciki," in ji Shef.

"Shi ya sa ya cinye nawa har da suɗe kwano," ta ce.

Na yi dariya tare da su. Wannan dariyar ma tana cikin abin da nake ɗauke da shi.

Na yi sati ina yawo wajen direbobi har na samu wani mai kamiyo da ya yarda ya ba shi wuri a bayan kujerarsa, ba a kan kaya ba. Na haɗa masa ɗan gado da katako daidai wurin, na sa masa hannu biyu na ɗauka. Da mashin ɗin na haɗa shi. Katako ne, cikin awa ɗaya ya gama, bai yi gardama ba.

Ran tafiya ayarin ya taru a bakin gari da safe, motar sojoji a gaba, wata a baya. Ni da tsohon muka ɗaga gadon. Na shirya ƙarfina, sai na ji kamar tabarma na ɗauka. Madam ta ba ni makullin ɗakin ta ce in ba wa fasto. Ta ce Allah ya saka mini, ita ba ta da bakin godiya. Shef ya ɗaga yatsa biyu, yadda yake yi mana a rami in an gama aiki za a hau sama.

Labarin ya zo bayan sati uku, a bakin direban. Sun kwana biyu kafin Agadez. Sun wuce Abalak yana numfashi. Ya cika kafin Tahoua, da rana, kansa a cinyar matarsa. Direban ya ce Shef ya tambaya sau biyu ko an fara ganin gonaki. Gawarsa ce ta isa Maradi. Uwarsa ta gan shi a haka.

Ban san ko da rufin ya tsaya zai isa ba. Na tambayi kaina wannan ya fi sau dubu. Abin da na sani, na gan shi ya cinye kwanon fura ya taka zuwa ƙofa, kuma na ga abin da na ɗora a mota.

Direban ya sauke mini ƙullin buhu daga Madam. Aya ce ta Maradi, da ƙuli-ƙuli, da hular Shef ta sanyi. Ta ce a gaya wa malam kafinta, a duk Arlit shi ne ɗan'uwan da mijinta ya samu. Direban ya tsaya yana jiran amsar da zai kai. Na ce ya ce mata saƙo ya iso.